Tarihin Cinikin Tufafin 'Yan Mata a Yammacin Kano

Duk wanda ya zauna cikin ɗalibai mata na wannan zamani ya san cewa da wuya a ƙare hira ba a ji wata ta ce ita kam da ta gama karatu sayar da kayan 'yan mata za ta shiga ba. Wasu ma ba su jira gamawar, a ɗakin kwanansu suke kasa abaya da mayafi da atamfa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na lura yawancinsu suna ɗaukar wannan sana'a sabuwar aba ce wadda ta zo tare da wayar hannu. Ni kuwa mutumin Madadi ne a ƙasar Gwarzo, kuma abin da na tashi na tarar, da abin da na karanta, sun nuna mini cewa suturar budurwa tsohuwar kasuwa ce ƙwarai, sai dai masu cin ribarta ne suka yi ta sauyawa.

Mu fara da zamanin mazari. A ƙarni na 19 yammaci da kudancin Kano ƙasar auduga ce da baba. Namiji ya noma, mace ta gurje, ta yi shiɓa, ta kaɗa zare, sa'an nan a kai wa masaƙi. Daga masaƙa sai marina, daga marina sai mabuga. Baturen nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya shigo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da ƙasar Kano ke fitarwa waje a shekara sun kai na wuri miliyan 300, kuma ya ga ana kai su har Tumbutu. Marigayi Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, ya nuna a kundinsa na 1975 cewa ƙarfin wannan sana'a a karkara yake, a garuruwa irin su Kura da Bunkure, birni kuwa wurin dillanci ne da fitarwa. To, abin lura a nan shi ne babu ƙyalle ɗaya da ya fita daga ƙasar nan wanda bai fara bi ta hannun mace ba, domin kaɗi aikin mata ne. Wanda ke son jin wannan daga bakin mace sai ya nemi littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954. Baba ta yi ƙuruciyarta ne a wajajen Zarewa, watau maƙwabtanmu ne ta kudu, kuma rayuwar da ta bayyana ta matan da ke kaɗi suna sayar da zare su tara abin kansu ita ce rayuwar kakanninmu.

A wancan lokaci suturar budurwa ba ta da yawa. Zane ne na saƙi a ɗaura a ƙirji, da ɗankwali, sai jigida da murjani ga wadda iyayenta ke da hali. Amma kuɗin zanen nan ba ya barin ƙasar. Manomi ya samu, uwarta mai kaɗi ta samu, masaƙi da marini sun samu, kuma dukkansu mai yiwuwa ne a gari ɗaya suke sallar Juma'a.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma daga nan lissafi ya juye. Kamfanin Turawa mai sayen auduga, BCGA, ya kafa injinan gurza a wurare irin su Zariya da Funtuwa, ya shiga neman audugar da da mata ke kaɗawa, a ɗauke ta zuwa Ingila ta dawo mana a matsayin akoko da alawayyo. Ba a rana ɗaya saƙar gida ta faɗi ba, ta yi shekaru tana kokawa, har sau da yawa masaƙa kan fi Bature sayen auduga da tsada. Abin da ya karya ta, a ganina, ido ne fiye da farashi. Atamfa ta zo da launuka da zane-zanen da marina ba ta iya fitarwa, marina kuwa baƙi ne da shuɗi. Budurwa ta ga ja da ruwan ɗorawa a jikin ƙawarta ranar salla, wa zai iya mayar da ita ga saƙi? Atamfar Holan da mata ke ji da ita har gobe ta kamfanin Vlisco ce, wanda aka kafa a garin Helmond tun 1846. Kwara, watau mutanen Sham da Labanan, suka kafa kantuna a Fagge, inda Kantin Kwari ya samo asali.

Ta yaya kayan Kwari ke isa ga yarinyar da ke Madadi ko Kabo ko Getso? A nan ne tarihin ya fi daɗi, kuma a nan ne littattafai suka fi yin shiru. Ɗan koli yana bin kasuwannin ƙauye da kayansa a ka, daga baya a keke, amma shi namiji ne, iyakarsa zaure. Mai shiga har ɗaka ita ce dillaliya, yawanci dattijuwa wadda ta wuce kulle. Ita ta san gidan da ake shirin biki, ta san saurayin da ya sayar da gyaɗa yana neman kayan toshi, ta san matar da ta kwashi adashi. Ba ta da kanti ko jari mai yawa, sau da yawa kayan ma ba nata ba ne, la'ada take ci. Jarinta sanin mutane da riƙon amana, kuma tana ba da kaya bashi sai kaka, domin ta san kuɗin karkara da amfanin gona yake zuwa. Polly Hill ta kira irin wannan ciniki na cikin gida ɓoyayyen ciniki a rubutunta na 1969, Enid Schildkrout kuma, a bincikenta na Kano cikin shekarun 1970, ta nuna yadda tallar yara mata ke riƙe da shi. Watau ita budurwar da ake yi wa tallan atamfa ita ce kuma ke ɗaukar farantin da ake tara kuɗin sayenta.

Bayan haka sai zamanin masaƙun zamani. Gwamnatin Sardauna ta buɗe masaƙar Kaduna a 1957, UNTL ta biyo baya a 1964, aka fara samun atamfa 'yar gida mai sauƙin kuɗi. Keken ɗinki ya shiga ƙauye, riga da zane suka kori ɗaurin ƙirji. Dokar mayar da kasuwanci hannun 'yan ƙasa ta 1972 ta taimaki Hausawa suka mamaye Kwari. Kuɗin Udoji da suka shigo hannun ma'aikata a 1975 suka kumbura lefe, akwati ya maye gurbin lefen kaba, sunan kawai ya rage. Shirin ilimin firamare na bai ɗaya na 1976 ya sa 'yan mata da yawa cikin rigar makaranta, telolin ƙauye suka sami aikin da ba na salla kaɗai ba. Hijabi kuwa, wanda yaran yanzu ke zaton da shi aka haifi Bahaushiya, sai a shekarun 1980 ya bazu, bayan kafuwar Izala a Jos a 1978 da yawaitar makarantun Islamiyya.

Faɗuwar masaƙun ba ta da daɗin faɗa, zan taƙaita. Karyewar naira bayan shirin SAP na 1986, da rashin wuta, da kayan fasa-ƙwauri ta Kwatano da Maraɗi, da atamfar Sin mai arha, su suka haɗu. Masaƙar Kaduna ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007. A 2015 marinan Kano sun fito zanga-zanga suna kuka da kayan Sin.

Yanzu fa sai mu dubi ɗalibar da ke son farawa. Kayanta daga Kwari za ta saro, ko gwanjo daga Ƙofar Wambai, su kuma can daga Sin ko Dubai ko Turkiyya aka kawo. Manomin Madadi ba shi da kaso a ciki, masaƙi babu, marini babu. Ribar da ta rage a ƙasarmu ita ce 'yar tazarar da ke tsakanin sari da sayarwa, a cire kuɗin mota na hanyar Kano zuwa Gwarzo, sai kuma ladan ɗinki. Saboda haka nake ganin wadda ta haɗa sari da keke da almajirai biyu uku ta fi mai sari kaɗai tsayuwa da ƙafarta, domin yadi kowa na iya sarowa, amma ɗinkin da ya zauna wa yarinya daidai jikinta ba a yo shi daga Guangzhou.

Wajen sayarwa kuma, ko ta sani ko ba ta sani ba, gadon dillaliya ta ci. Hoton da take sakawa a WhatsApp da Instagram shi ne ƙunshin da tsohuwar ke kwancewa a tsakar gida, ɗan acaɓa ko ƙanenta shi ne mai talla. Lokutan ciniki ba su sauya ba, azumi da salla da bukukuwan bayan kaka. Bashi ma yana nan, sai dai da bambanci mai haɗari. Dillaliya tana ba da bashi ne ga gidan da ta san rumbunsa, kuma in biya ya yi nauyi ta san uwar ɗakin da za ta kai wa ƙara. Ita kuwa ɗalibar sau da yawa lambar waya kawai ta sani. Ga shi kuma yayi ya ƙara sauri tun da finafinan Hausa suka kafu a shekarun 1990, balle yanzu da ɗinki ke fitowa a waya da safe, kafin sati ya zagayo an gan shi a Kabo. Turmin atamfar da bai fita ba bana, dillaliyar da tana iya ajiye shi ya shiga lefen baɗi. Abayar da yayinta ya wuce kuwa, sai a karya kuɗinta ƙasa da sari kafin a rabu da ita.