Daga Malafar Jaji zuwa Allurar Ɗinki: Makaranta da Rabon Matsayin Maza da Mata a Ƙasar Hausa

A makarantun allo na kudancin Kano, daga Bebeji da Kiru har Tudun Wada da Doguwa, yaro da yarinya kan fara karatu a gaban malami ɗaya, da allo iri ɗaya. Rabuwa sai daga baya. Idan aka gama girbi, akan danƙa yaro ga malami ya tafi da shi gabas, inda yunwa da sanyi da nisa da uwa ke koya masa juriyar da ake kira mazantaka. Yarinya kuwa tana gida, tsakanin talla da allo, har aure ya yanke mata karatun.

Malaman jihadi ba su yarda cewa wannan rabo daga Shari'a yake ba. A cikin Nurul Albab, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zargi malaman da ke karantar da almajirai alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u (1793–1864) ta mayar da wannan suka aiki, ta kafa 'Yan Taru. Kowace jaji, wato dattijuwar da ke kai karatu ƙauyuka, akan ɗora mata malafa da jan rawani. Abin lura ne: alamar girma da aka saba gani a kan maza, ilimi ya ɗora ta a kan mace.

Makarantar Turawa ba ta gina a kan wannan gado ba. Ɗan Hausa ya buɗe makarantar Nassarawa a 1909, ta maza zalla, kuma Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 ta horar da samarin da suka zama malamai da ma'aikatan En'e. Sai wajen 1930 aka fara ajin 'yan mata a Katsina da Kano, da amincewar Sarki Dikko da Sarki Abdullahi Bayero, kuma ɗinki da tsafta da rainon yara ne suka fi rinjaye a manhajar. Ba a shirya ɗalibar don ta karantar da al'umma kamar jaji ba. An shirya ta ne ta zama matar ma'aikaci.

Wannan jinkiri bai tafi tare da Turawa ba. Da Jihar Kano ta kafa makarantun kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, na maza ne. Ta 'yan mata da ke Taura sai a 1981.