Penumbra: Gidan Wasan Daɓen Da Marubucin Fences Ya Fara Samun Ƙafa

Duk wanda ya kalli Fences, fim ɗin Denzel Washington na 2016 da ya ba Viola Davis kyautar Oscar, ko Ma Rainey's Black Bottom, fim na ƙarshe da marigayi Chadwick Boseman ya fito a ciki, to ya kalli rubutun August Wilson. Dukkansu wasan daɓe ne tun asali, daga baya aka mayar da su fim. Shi kuwa Wilson, wurin da aka fara ɗora wasansa a dandalin ƙwararru shi ne Penumbra, a farkon shekarun 1980.

Penumbra ƙungiyar wasan kwaikwayo ce ta baƙar fatar Amurka a birnin Saint Paul, jihar Minnesota. Lou Bellamy ne ya kafa ta a 1976, lokacin da baƙar fata ba kasafai suke samun rawar kirki a manyan gidajen wasa ba. Wilson ɗan Pittsburgh ne, ya koma Saint Paul a 1978, nan ya haɗu da su. Daga baya sau biyu yana cin kyautar Pulitzer, a 1987 da 1990.

Unguwar da gidan yake fa tana da nata labarin. Sunanta Rondo, kuma a da ita ce cibiyar baƙar fatar garin. Daga ƙarshen shekarun 1950 aka ratsa tsakiyarta da babbar hanyar mota I-94, aka rushe ɗaruruwan gidaje da shaguna, jama'a suka watse. Penumbra tana cikin ginin cibiyar al'umma ta Hallie Q. Brown ne, inda mutanen unguwa ke zuwa neman taimako da kai yara. Ka ga ke nan ba wani ƙasaitaccen gini ba ne da talaka zai ji nauyin shiga. Ni a ganina wannan ne ƙarfinta.

Ba ƙungiyar neman riba ba ce. Abin da ya shigo na tikiti da gudummawa cikin aikin yake komawa, babu mai kamfani da zai kwashe. Amma tikiti kaɗai ba ya riƙe irin wannan gida, kuma a 2012 abin ya kusa kai su ƙasa: kuɗi suka yanke, suka dakatar da wasanni, suka sallami ma'aikata, suka fito suka ce sai an tara dala 340,000 kafin shekara ta ƙare. Jama'a kuwa suka tara har da ɗoriya, a 2013 aka dawo dandali.

Ban da wasanni, suna da shirin horar da matasa lokacin hutun makaranta, inda ake koya musu rubutu da wasa da yadda za su yi magana kan wariyar launin fata. Duk ƙarshen shekara kuma akwai Black Nativity, wasan Kirsimeti mai cike da waƙoƙin coci irin na baƙar fatar Amurka.

A 2017 Bellamy ya miƙa ragama ga 'yarsa Sarah Bellamy. A 2020, shekarar da ɗan sanda ya kashe George Floyd a Minneapolis, garin da ke maƙwabtaka da su, suka sanar da faɗaɗa aikin zuwa cibiyar warkar da raunin wariya, wato wasan yana nan, an ƙara masa bita da kula da lafiyar jiki da ta zuciya.