Daga Sanƙarau Zuwa Korona: Asalin Rashin Yarda a Ƙasar Gidan Rumji

Ranar 19 ga Maris 2020 hukumomin Nijar suka sanar da mutum na farko da ya kamu da korona, wani ɗan ƙasa da ya dawo Yamai bayan ya ratsa Lome, Akkara, Abijan da Wagadugu. Kwana biyu kafin nan Shugaba Mahamadou Issoufou ya riga ya ba da umarnin rufe iyakoki da filayen jirgin sama da makarantu. Masallatai da majami'u suka biyo baya. Ranar 27 ga wata aka kafa dokar ta-ɓaci ta lafiya, aka sa wa Yamai dokar hana fitar dare, aka kuma killace ta daga sauran ƙasa.

Gidan Rumji na da nisan kusan kilomita 600 daga Yamai, amma rediyo da saƙonnin murya na WhatsApp sun kawo labarin tun ranar. Amsar da aka riƙa ji a majalisar shayi da tashar 'yan kabu-kabu, tun daga Tibiri har Agye da Gazawa, kusan iri ɗaya ce: babu korona. In ma akwai, cutar Turawa ce da masu hawa jirgi, zafin ranarmu kuwa ba zai bar ta ta kwana ba. Masu ofis da yawa sun kira wannan jahilci. Ni ban yarda ba, domin wannan amsa tana da tarihin da ya haura shekara ashirin.

Mutanen wannan yanki sun san annoba fiye da mai wayar musu da kai. Dattawa na ɗauke da tabon lamba a damtse, shaidar yaƙin da aka yi da agana har aka ga bayanta. Sanƙarau kuwa baƙon kowace bazara ne: yaro ya tashi lafiya, da yamma wuya ya sandare, kafin kwana biyu an kai shi makwanci. A 1995 ya kama sama da mutum 40,000 a Nijar. A tsakiyar wannan tashin hankali aka samu gudummawar allurar riga-kafi daga Najeriya, aka shiga yi wa jama'a, sai daga baya likitoci suka gano cewa jabu ce, ba abin da ke ciki na magani. Sama da mutum 50,000 aka soka wa ita. Shekara ɗaya bayan nan, a 1996, kamfanin Pfizer ya gwada maganinsa Trovan a Kano, a wani gwaji da ya haɗa da yara 200 masu sanƙarau. Goma sha ɗaya suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, amma an yi shekaru ana shari'a, har a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Da Dakta Ibrahim Datti Ahmed da majalisarsa ta shari'a a Najeriya suka ce a 2003 an gurɓata ɗigon shan-inna da maganin hana haihuwa, kunnuwa a buɗe suke. Kano ta dakatar da riga-kafin har Yulin 2004, sai da aka kawo wanda aka yi a Indunusiya. Iyaka ba ta tare wannan magana ba, kuma ba za ta iya ba. Gobirawan Tibiri da na Sabon Birni 'yan gida ɗaya ne, Katsinawan Maraɗi da na Jibiya kasuwa ɗaya suke ci, wa'azin da aka yi a Jos ko Zariya kuma washegari yana cikin wayar mai shago a Gidan Sori. Tambayar da iyaye suka riƙa yi a lokacin har yau ba ta tsufa ba: me ya sa ake bin mu gida-gida da ɗigon shan-inna kyauta, amma in zazzaɓi ya kama yaro sai mun biya?

Abin da ya kwance wannan ƙulli a Nijar shi ne sarakuna. Tun farkon shekarun 2000 ƙungiyar sarakunan gargajiya ta ƙasa ta haɗa hannu da UNICEF, aka koma bin hanyar da jama'a suka sani. Sarki ya tara masu gari, mai gari ya kira liman, sanƙira ya zaga da shela, a ɗiga wa ɗan sarki a bainar jama'a kafin a taɓa ɗan talaka. Aikin ya ci shekaru, amma ya yi.

Kwalara ma ta koya wa yankin nata darasin. A Yulin 2018 amai da gudawa suka ɓulla a ƙasar Madarunfa, suka kama mutum wajen 3,800 a faɗin ƙasa, mafi yawansu a jihar Maraɗi, 78 suka rasu. Wannan cuta ba ta bukatar mai fassara, kowa ya ga yadda take zuƙe ƙato cikin wuni ɗaya. Gani ya kori ji.

To, korona ba ta zo da abin gani ba. Wajen rabin 'yan Nijar ba su kai shekara 15 ba, cutar kuwa tsofaffi da masu ciwon suga da hawan jini ta fi kayarwa. A ƙauye in tsoho ya yi tari da zazzaɓi ya rasu, sai a ce kwana ya ƙare, ba mai gwaji balle a san sunan ciwon. A farkon lamarin ma sai an kai samfur Yamai ake ganewa. Doka kuwa an gan ta ƙiri-ƙiri, kuma inda ta fara sauka ya fi ko'ina ciwo: masallaci a rufe, kasuwa na ci. Mai hankali zai iya kawo hujja, ya ce in an rufe kasuwa yunwa za ta kashe mutane kafin cuta. Gaskiya ne. Sai dai mutumin da ya wuni yana gogayya da jama'a a kasuwar dabbobi, aka ce masa sahun mintuna biyar ne zai hallaka shi, da wuya ka gamsar da shi. An zauna da manyan malamai a Yamai kafin a yanke hukuncin, amma yardar malamin Yamai ba ita ce yardar limamin unguwa ba.

Abin bai tsaya ga baki ba. Kafin Maris ya ƙare matasa sun yi bore a Mirya ta jihar Damagaram. A Kusada ta jihar Katsina an ƙone ofishin 'yan sanda saboda hana sallar Juma'a. A Jos, Sheikh Sani Yahaya Jingir ya fito ya ƙaryata cutar, muryarsa ta zaga wayoyi har ƙasar Maraɗi. A Yamai, daf da azumi, an kama mutum 108 cikin kwana uku na tarzoma. Ko rasuwar ministan ƙwadago Mohamed Ben Omar ranar 3 ga Mayu, da mace-macen dattawan Kano a watan Afrilu, ba su sauya ra'ayin mutane da yawa ba, sai ma wasu suka ce ga shi nan, cutar manya ce. Ranar 13 ga Mayu, ana tsakiyar azumi, gwamnati ta buɗe masallatai.

Gidan Rumji tana da nata ƙarin nauyin. Tun 2019 'yan bindiga suke koro mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa ƙauyukan bakin iyaka. A Afrilun 2020 kaɗai, lokacin da iyaka take rufe ta ɓangarori biyu, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙidaya wajen mutum 23,000 da suka tsallako. Kafin a mayar da wasu zuwa ƙauyukan Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakwari, gidajen talakawa ne suka karɓe su. Mai gida ya bar wa baƙi zaure, mata da yara su cika ɗaki, a ci tuwo a kwano ɗaya. A irin wannan gida aka kawo saƙon a ba da tazarar mita ɗaya, a kuma wanke hannu da sabulu a kai a kai, alhali bazara ce, ruwan ma sai mata sun yi layi a rijiya tun asuba. Bokitin nan mai famfo da aka girke a ƙofar gidan likita da ofisoshi ya yi aiki muddin akwai mai cika shi. Teloli sun ɗinka takunkumin atamfa, mutane suka rataya shi a haɓa, sai an hango jandarma a ja shi sama. Musabaha kuwa ba ta daina ba, don hana dattijo hannu abin kunya ne da ba kowa zai iya ɗauka ba.

Allurar korona ta iso a ƙarshen Maris 2021, aka fara da Sinopharm ta Sin, sannan AstraZeneca. Tsohuwar maganar hana haihuwa ta tarye ta a hanya, kusan kalma da kalma yadda aka faɗe ta a 2003. Adadin da hukuma ta rubuta na duk tsawon annobar bai kai mutum 10,000 ba, waɗanda suka rasu kuma sun ɗan haura 300, a ƙasar da zazzaɓin sauro ke kashe dubbai kowace shekara. Masu cewa babu korona sun ɗauki wannan a matsayin shaidarsu, kuma nan haɗarin yake, domin annoba ta gaba ba lalle ta yi mana wannan sassauci ba.

Don haka nake kira ga hukumomin lafiya na jihar Maraɗi: ku zauna da masu gari da limaman unguwa da ungozomomi tun yanzu da babu cuta, ku faɗa musu gaskiyar abin da ya faru a 1995 da 1996, ku kuma tabbata akwai maganin zazzaɓi a gidan likitan ƙauye kafin ku sake zuwa da wata allura.