Tagwayen lissafi: yadda ake gano farashi biyu daga ciniki biyu

A aljabara akwai wani babi da ɗalibi ba ya kauce masa, ko a Kumasi yake ko a Maraɗi: neman lambobi biyu da ba a sani ba ta hanyar jimlolin daidaito guda biyu. Jimlar daidaito ita ce wadda alamar = ta raba ta biyu, kamar sikeli. A Ghana da Najeriya babin yana cikin lissafin jarrabawar WASSCE ta hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, hedikwatarta a Accra. A Nijar da sauran ƙasashe masu Faransanci ana kiransa système d'équations. A nan za mu ce masa tagwayen lissafi.

A ce a bakin kasuwar Asawase wani ya sayi koko kofi 2 da ƙosai 3, ya biya sidi 16. Wani kuma ya sayi koko kofi 1 da ƙosai 4, ya biya sidi 13. Nawa ne kofin koko, nawa ne ƙosai ɗaya? Mu kira kuɗin koko x, na ƙosai y:

2x + 3y = 16
x + 4y = 13

Jimla ɗaya ba ta isa. Ta farko kaɗai za ta yarda da koko sidi 8 ƙosai kyauta, za ta kuma yarda da koko sidi 2 ƙosai sidi 4. Ta biyun ce take tantancewa.

Hanyar musanya

Ka ware harafi ɗaya daga jimlar da ta fi sauƙi. Ta biyu ta ba mu x = 13 − 4y. Ka zuba wannan a gurbin x a ta farko: 2(13 − 4y) + 3y = 16, wato 26 − 8y + 3y = 16. Saura 5y = 10, y = 2. Koma baya: x = 13 − 8 = 5. Koko sidi 5, ƙosai sidi 2. Inda yara suka fi faɗuwa shi ne wajen buɗe baka: sai su ninka 13 da 2, su manta da 4y.

Hanyar kawarwa

Ka ninka jimla ta biyu dukanta da 2, ta zama 2x + 8y = 26. Ka ɗebe ta farko daga cikinta, x ya ɓace, saura 5y = 10. A ganina wannan ce ta fi cancanta a ƙware a kai, domin ita ce ke aiki ko haruffan sun kai uku ko goma, kuma irinta kwamfuta ke bi. Turawa suna jingina ta ga Gauss, masanin Jamus, amma ta girme shi nesa ba kusa ba: tana cikin babi na 8 na wani tsohon littafin lissafin Sin mai babi tara, wanda Liu Hui ya yi wa sharhi a shekarar 263.

Akwai kuma dabarar Cramer, ɗan Geneva, da ya wallafa a 1750. Ka ninka lambobin gaban haruffa a gicciye, ka ɗebe: 2×4 − 1×3 = 5. Sannan x = (16×4 − 13×3) ÷ 5 = 5, y = (2×13 − 1×16) ÷ 5 = 2. Tana da sauri, sai dai wanda ya haddace ta bai san dalilinta ba yakan rikice.

Idan amsa ta ƙi fitowa

Da mai saye na biyu koko 4 da ƙosai 6 ya ɗauka a sidi 32, bai ƙara mana komai ba, cinikin farko ne aka ninka. Amsoshi ba iyaka. Da kuma sidi 30 ya biya, babu amsa sam: ko an yi masa ragi, ko an yi kuskuren canji. A zane, kowace jimla miƙaƙƙen layi ce. Layukan misalinmu sun haɗu a ɗigon (5, 2). A waɗannan biyun kuwa, ko sun hau kan juna, ko suna tafiya kafaɗa da kafaɗa ba su gamuwa. Alamarsu ɗaya: lissafin gicciyen nan yana ba da sifili.

A kula da ma'aunin kuɗi. Tun 2007 sidi 10,000 na da ya koma sidi 1, amma har yanzu akwai masu ƙirga da tsohon lissafi a kasuwa. A Nijar kuma dala ɗaya sefa 5 ce. Wanda ya rubuta jimla ɗaya da dala, ɗayar da sefa, amsarsa za ta fito tsaf amma ƙarya ce. Shi ya sa ake mayar da amsa cikin jimlolin asali a gwada: 2×5 + 3×2 = 16, 5 + 4×2 = 13.

Kalmar aljabara kanta daga al-jabr take, ɗori ke nan da Larabci, cikin sunan littafin da Muhammad ɗan Musa al-Khwarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820. Kaso mai yawa na littafin a kan rabon gado da wasiyya yake, fannin da malaman zango suke karantarwa a babin fara'id.