Yadda Aka Koyi Auna Hannun Likitan Kunne

Tun da William Halsted ya kafa tsarin horar da likitocin tiyata a asibitin Johns Hopkins a 1889, idon malami ne ke yanke hukuncin ko hannun ɗalibi ya faɗa. Tiyatar kunne ba ta daɗe tana jure wannan ba, domin fagen aikinta ƙashi ne mai tauri da ya ɓoye jijiyoyi a cikinsa. Shi ya sa likitocin kunne suka riga da yawa daga takwarorinsu komawa gwaji a kan ƙashin gawa. William House, wanda ya dasa na'urar ji a Los Angeles a 1961, a ɗakin ajiye gawa ya goge hannunsa. Bayan Graeme Clark ya dasa na'ura mai layuka da yawa a Melbourne a 1978, aikin ya ƙara tsanani: likita zai huda ƙashin bayan kunne, ya buɗe wata 'yar kafa ta milimita kaɗan tsakanin jijiyar fuska da jijiyar ɗanɗano, sannan ya zura siririyar waya a hankali cikin katantanwar kunne. In ya kauce kaɗan, ɓarin fuskar majinyaci ya shanye.

Ƙashin gawa ya koyar, amma bai warware matsalar awo ba. Kowane ƙashi da surarsa, kuma sau ɗaya ake huda shi, don haka ba a iya gwada ɗalibai biyu a kan abu guda. A ganina nan ne amfanin kwaikwayon tiyata a kwamfuta yake, ya fi batun arha da ake yawan ambata. Likitocin Toronto sun fitar da ma'aunin OSATS a 1997, suka mayar da “ya iya” zuwa sharuɗɗa rubutattu. Manhajoji irin su Voxel-Man na Hamburg da Visible Ear Simulator na Copenhagen kuwa sun ba kowane ɗalibi kunne iri ɗaya, suna kuma ajiye kowane motsin hannunsa. Ɗalibin da aka kayar yana iya ganin inda ya taɓa jijiya, maimakon ya zargi son zuciyar malami.

Masu suka na cewa kunnen kwamfuta ba ya zub da jini, kuma sandar da ke kwaikwayon jijjigar na'urar huda ba ta kai ƙashi na gaske ba. Gaskiyarsu ne, kuma duk wanda ya ɗauki makin kwamfuta a matsayin lasisin taɓa majinyaci ya yi ganganci. Sai dai wani bincike da aka yi a Copenhagen ya nuna waɗanda suka fara da kwamfuta sun fi yin aiki mai tsabta a kan ƙashin gawa daga baya. Sukar da ta fi nauyi ita ce a kan auna ɗalibi ta hanyar duba kamannin ramin da aka gama kaɗai, alhali ana iya cusa waya da gaggawa a lalata ragowar jin majinyaci, ramin kuma ya fito sumul. Saboda haka ne ma'aunin CISAT da aka tsara wa wannan dashe ya raba maki tsakanin hudawa da zura wayar, kuma har yanzu ƙwararren likita ne ke kallon hoton aikin yana ba da makin.