Me Zai Tashe Mu Daga Nan? Tarihin Duba Gida Kafin Tarewa a Ƙasar Maraɗi

Daga ƙarshen damina zuwa tsakiyar kaka lokacin tarewa ne a ƙasarmu. Takardun canjin wurin aiki su fito, malamin makaranta ya ɗaure katifarsa da buhun littattafansa a bayan mota, ya nufi garin da bai taɓa kwana ba. Hatsi ya shiga rumbu, bukukuwa su kankama, ƴan jere su yi ta kai da kawowa. Wanda ya je cin rani ya dawo da ɗan abin da ya samo, ya rufa ɗakin da ya fara bara. Kowannensu yakan duba gida kafin ya shiga, kuma in ka saurara za ka ji tambayoyin kusan iri ɗaya ne. Akwai wuta? An shafe shi da siminti? Waya tana kamawa? Nawa ne a wata?

Ba laifi a yi waɗannan tambayoyi. Sai dai akwai wadda ta girme su duka, wadda magabatanmu suke farawa da ita: me zai tashe mu daga nan? A ganina, tarihin garuruwan jihar Maraɗi kusan dukansa amsar wannan tambaya ce, kuma kowane zamani da irin amsarsa.

Mu fara da abin da ke kusa da mu. Birnin Lalle, nan cikin gundumar Dakwaro, tsohon babban birnin Gobir ne. Gobirawa sun zauna a can bayan sun baro Azbin, daga baya suka ci gaba da gangarawa kudu da yamma, suna kafa birni suna barinsa, har Sarki Babari ya zauna Alƙalawa a ƙarni na 18. Alƙalawa ta faɗi hannun masu jihadi a 1808, aka kashe Sarki Yunfa. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Gobir Ali ya kwanta dama, sai Mayaƙi ya kafa Tibiri. Su ma sarakunan Katsina da jihadi ya kora, sai da suka yi yawo kafin Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi wajen 1819.

A ina suka zauna? Cikin kwari, a bakin gulbi. Mai duba da idon yau zai ce wannan wane irin zaɓe ne, ga tudu a kusa? Amma mutanen nan sun san abin da ya taso su, wato dawaki da masu. Kurmin da ke cikin gulbin Maraɗi a wancan lokaci garkuwa ne, mahayi ba ya ratsa shi da sauƙi. Ga ruwa kusa ko da an kewaye gari, ga fadama ta noma. Sun duba wurin da kyau, kuma ya riƙe su fiye da shekara ɗari.

Da Nasara suka zo a farkon ƙarni na 20, yaƙe-yaƙen suka ƙare, amma gari ya ci gaba da zama inda tsoron yaƙi ya ajiye shi. A daminar 1945 gulbi ya cika ya tumbatsa, ya shiga tsohuwar Maraɗi ya rushe gidaje. Hukumar mulkin mallaka ta tashi garin ta mai da shi kan tudu, aka ja tituna miƙaƙƙu, aka yanka filaye. Mutane suka hau da sunayen unguwanninsu, irin su Bagalam da Ƴandaka da Maraɗawa da Limanci. Maraɗin da muka sani yau, wadda ƙidayar 2012 ta ba mutum 267,249, gida ne da aka tare a cikinsa bayan ruwa ya ci na farko. Darasin da nake ɗauka a nan shi ne, dubawar da kakanka ya yi ba ta ɗauke maka taka ba, domin abin da ke tashin mutum yana canzawa.

Mu a nan arewa, tsakanin Kornaka da Ajekoriya da Sabon Mashi har zuwa Dakwaro, labarin ya ɗan bambanta. Yawancin ƙauyukanmu ba su daɗe ba. Da hanya ta yi lafiya, manoma daga kudu suka riƙa hawowa neman saura, har abin ya kai gwamnati ta yi doka a 1961 ta shata iyakar noma ta arewa don a bar wa makiyaya wurin kiwo. Shi ya sa sunayen ƙauyuka da yawa suke farawa da Gidan wane ko Garin wane: mutum ɗaya ne ya zo ya duba, ya kafa, sauran suka biyo shi.

Shi kuma mai kafa gari a wannan yanki ƙishirwa yake tsoro. Ruwanmu yana da nisa a ƙasa, musamman in an bar kwarin gulbin Kaba. Don haka rijiya ake fara haƙawa, in ta ba da ruwa a sa danga, in ta ƙi a ƙara gaba. Ba a fara da ginin ƙasa. Bukka ake kafawa da darni na kara, a yi damina a cikinta, a ga inda ruwa yake bi da inda yake kwanciya, a ga ko wurin na gara ne. Sai wuri ya ci jarrabawa a buga birgi. Idan muka kwatanta da mu da muke biyan kuɗin wata uku bayan mun leƙa ɗaki na minti biyar, sai mu ga su shekara guda suke yi suna duba gida.

Tsarin gidan kansa ma amsa ce ga abin da suka gani. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, iskar hunturu kuma daga gabas maso arewa. Saboda haka ƙofar gida takan dubi yamma, bangon gabas kuwa shi ake ƙara wa yaɓe kowace shekara. Ana barin wuriya a gindin katanga ta gefen gangare don ruwan tsakar gida ya samu mafita. Indararo a yi shi da tsawo, kada ya zuba a gindin bango. Wajen rufi an fi son azarar giginya domin gara ba ta cika cinta ba, inda babu ita a yi da goriba, wadda kabarta ce ta ba gulbinmu suna.

Akwai kuma kafi. Kafin Musulunci ya game ko'ina, ba a shiga sabon gida ko sabon gari ko sabuwar kasuwa sai an binne magani a kusurwa huɗu da tsakiya. Wani masani Bafaranshe, Guy Nicolas, wanda ya yi bincike a kwarin Maraɗi, ya rubuta a kan wannan al'ada tun 1966. Daga baya laya ta maye gurbin maganin a wasu gidaje, yau kuma abin da malamanmu suka karantar shi ne addu'a da sadaka da karatun Suratul Baƙara, wadda hadisi ya tabbatar shaiɗan yana gudun gidan da ake karanta ta. Ba kiran komawa ga kafi nake yi ba, Allah ya raba mu da shirka. Abin da nake so mu lura da shi kawai, mai kafi dole ya taka kowace kusurwa ta gidan da ƙafarsa, ya tona ƙasarta da hannunsa. Ramin ɓera ko shurin gara ko danshi ba za su ɓoye masa ba. Mu da muka samu abin da ya fi kafi, bai kamata mu kira malamai su yi karatu a zaure alhali ba wanda ya zagaya bayan ɗaki ba.

Mata ma da nasu aikin. Kafin siminti, ba a kai amarya sai an yi daɓe. Matan unguwa su taru da madaɓai, a baza tsakuwa, a yi ta bugu ana yayyafa ruwan makuba na ɓawon ɗorawa, har ƙasa ta yi tauri ta yi sheƙi. Kwanaki ake yi a cikin ɗakin, kuma iyayen amarya ne da ƴan uwanta, mutanen da in ɗakin ya faɗi su zai faɗa wa. Duk tsagar da ke bango sai sun gan ta sun toshe, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Jeren yanzu na rana ɗaya ne. A buga labule a kan tsaga, a jingina kabad a inda bango ya jiƙe, a ɗauki hoto a watse.

Wani abin kuma ido ba ya ganinsa ko an duba. Mutanen Tibiri sun sha ruwan wata rijiyar burtsatse tun daga 1985, ruwa garau mai daɗin sha. Sai bayan shekaru fiye da goma, da haƙoran yara suka rine, ƙafafun ɗaruruwansu suka lanƙwashe, aka tabbatar sinadarin fulorayid ya yi wa ruwan yawa, ya ninka fiye da sau uku abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade, wato miligiram 1.5 a lita. Ba laifin iyayen ba ne, aikin hukuma ne ta auna. Amma tun daga nan ya zama haƙƙin kowane uba, in zai kai iyalinsa sabon wuri, ya tambaya: ruwan nan an auna shi? Ya kuma dubi haƙoran yaran unguwar.

To, me ya sa muka manta da ruwan sama? Fari ne ya mantar da mu. Bayan na 1973 da na 1984, an yi shekaru ana ganin kwari a bushe, har yaran da suka tashi a lokacin suka ɗauka fili ne kamar kowane fili. Jama'a ta ƙaru, garuruwa suka faɗaɗa, aka sayar da hanyoyin ruwa, aka cike kududdufai da shara aka yi gini a kai. Da ruwan ya dawo sai ya bi tsohuwar hanyarsa. A daminar 2024 kusan mutum 400 suka rasu a Nijar, wasu ruwa ya ci su, wasu gini ya faɗa musu, kuma jihar Maraɗi tana cikin waɗanda suka fi yawan rashi. Tsohon masallacin Birnin Damagaram, ginin ƙarni na 19, ya rushe a farkon Satumba. Mu malamai ba za mu manta ba, sai da aka ɗage komawa makaranta daga 2 ga Oktoba zuwa 28, domin azuzuwa da yawa sun lalace, wasu kuma waɗanda suka rasa gidajensu ne a ciki.

Ga abin da nake roƙon ƴan uwana malamai da iyaye. Sa'ar da muke da ita ita ce lokacin tarewarmu yana zuwa dab da ƙarshen damina, sa'ad da shaida ba ta goge ba. Ka je da kanka, zuwa da kai ya fi aike. Tun kafin ka shiga, tsaya a titi ka ga ko gidan ya fi hanya tudu ko hanya ta fi shi. Zagaya bayan ɗakuna, musamman ta gabas, ka dubi gindin bango: in ruwa ya kwanta zai bar zane, in siminti ya rabu da ƙasar da ke bayansa za ka ji yana amo idan ka ƙwanƙwasa. Ɗaga kai ka dubi azara, ka soka mata wuƙa, in ta shige gara ta riga ka tarewa. In rufin kwano ne, rufe ƙofa da rana tsaka ka ga inda haske yake shigowa. Nemi wuriya ka ga ko a toshe take. Dubi masai: murfinsa zai ɗauki yaro, bai fuskanci alƙibla ba, kuma tsakaninsa da rijiya ya kai mita 30? Sannan ka gai da maƙwabta, ka nemi tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a unguwar, ka tambaye ta inda ruwa ya tsaya a shekarar da ya fi yawa. Mai gida haya yake so ka biya, ita kuwa ba abin da za ta ci da kai.

Wanda zai aurar da ɗiya, ya tura kawunta ko yayanta ya yi wannan dubawa kafin ranar jere. Ba raini ba ne ga surukai. In an ga abin gyara a faɗa cikin mutunci a gyara tare, tun ran gini tun ran zane.

A aji kuma akwai aikin da ba ya cin ko dala. Mu ba ɗalibai aikin gida su tambayi kakanninsu: wa ya kafa garin nan, ina rijiyar farko, ina ruwa yake bi da can, wace unguwa ce aka taɓa tasa kuma me ya tashe ta? Su zana a allo, mu kwatanta da inda gidaje suke yau. Yaron da ya yi wannan a aji shida, ranar da za a nuna masa fili mai araha a cikin kwari zai san dalilin arahar.

Allah ya sa mu shiga gidajenmu da ƙafar dama, ya tsare mu da iyalanmu a cikinsu.