Ranar da aka tsige Balarabe Musa a Lugard Hall

Duk wanda ya saba bi ta gaban Lugard Hall a Kaduna ya san ginin nan mai ƙubba, inda Sardauna da 'yan majalisar Jihar Arewa suka zauna a zamaninsu. A cikinsa ne, ranar 23 ga Yuni, 1981, majalisar dokokin tsohuwar Jihar Kaduna ta tsige Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa. Shi ne gwamnan farar hula na farko da aka taɓa yi wa haka a Najeriya.

Matasa da yawa sun ji labarin sama-sama, shi ya sa nake son mu koma tushe. A zaɓen 1979, lokacin Katsina tana cikin Jihar Kaduna, Balarabe ya tsaya a PRP, jam'iyyar Malam Aminu Kano mai alamar mabuɗi, ya kayar da Alhaji Lawal Kaita na NPN. Amma talakawan da suka ba shi kujerar gwamna, su ne kuma suka cika majalisa da 'yan NPN, Mamman Abubakar Ɗanmusa ya zama kakaki. Tun ranar rantsuwa, 1 ga Oktoba, kowa ya san zaman doya da manja za a yi.

Bai ɓata lokaci ba ya soke haraji da jangali, kamar yadda Abubakar Rimi ya yi a Kano. Yaron yau ba zai gane nauyin wannan ba. Tambayi kakanka yadda ake shanya magidanci a rana a ƙofar gidan dagaci saboda kuɗin haraji, ko yadda Bafulatani ke kora shanunsa daji cikin dare don kada a ƙirga su. Ga talaka, an sauke masa dutse daga ka. Ga masu sarauta kuwa, an karɓe musu sandar da suke juya jama'a da ita, kuma ba su manta ba.

Sai rigimar kwamishinoni. NPN tana son a ba ta kaso a gwamnati, Balarabe ya ce ba zai haɗa tafiya da waɗanda ya yi yaƙin zaɓe a kansu ba. Ya aika sunaye, majalisa ta yi fatali da su. Ya sake aikawa, ta sake dawo masa da su. Haka ya yi kusan wata 21 yana mulki babu kwamishina ko ɗaya! A gida ma ba lafiya, domin PRP ta dare biyu: 'yan taɓo suna tare da Malam, 'yan santsi suna bayan Rimi da Balarabe, waɗanda ke zama da gwamnonin UPN da GNPP.

Da majalisa ta tattara tuhume-tuhumenta, an garzaya kotu, amma sashe na 170 na tsarin mulkin 1979 ya ɗaure hannun alƙalai a kan maganar tsigewa. Aka tsige Balarabe, mataimakinsa, Abba Musa Rimi, ya hau kujerar.

Akwai masu cewa taurin kai ne ya ci shi, da ya saki kujeru biyu ko uku da ya ƙarasa wa'adinsa, talaka ya ƙara amfana. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, kuma na daɗe ina juya ta a raina. Sai dai ni abin da ya fi tsaya mini shi ne yadda mutumin ya rayu bayan nan. Sojoji sun tsare shi bayan juyin mulkin ƙarshen 1983, ya fito ya koma gonarsa, bai sauya sheƙa zuwa inda ake rabon romo ba. A 2003 ma a PRP ɗin ya nemi shugabancin ƙasa. Allah Ya yi masa rasuwa a Kaduna ranar 11 ga Nuwamba, 2020, yana da shekara 84. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.